Aljannu da Mugayen Ruhohi a Littafi Mai Tsarki: Tarihin Wata Fahimta daga Ibrananci zuwa Hausa

0. Gabatarwa

Idan aka tambayi Kirista na yau, ɗan Katolika ne ko ɗan ikilisiyar bishara, su wane ne aljannun da Linjila ke magana a kansu, galibi amsa guda ake samu: mala'iku ne da suka yi wa Allah tawaye tare da Shaiɗan, aka koro su daga sama. Wannan amsa ta zauna daram, har ana ɗaukar ta kamar haka take a rubuce tun daga Littafin Farawa. Amma mai binciken da ya bi nassoshin ɗaya bayan ɗaya, bisa ga zamanin rubuta su, ba zai tarar da aya guda da ta faɗi haka ƙarara ba. Abin da zai tarar shi ne kalmomi dabam-dabam, cikin harsuna uku, waɗanda aka rubuta a tsawon shekaru kusan dubu, kuma sai daga baya malaman ikilisiya suka ɗinke su suka zama koyarwa guda.

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun wannan ɗinki. Za mu fara da nassin Ibrananci, mu duba abin da fassarar Girkanci ta sauya, mu tsaya a kan littattafan Yahudawa na ƙarnoni uku kafin Miladiyya (k.M.), sannan Sabon Alkawari da iyayen ikilisiya. A ƙarshe za mu taɓo matsalar da mafassara suka gamu da ita a Hausa, domin ita ce ta fi shafar masu nazarin harshe da al'ada a wannan yanki. Aikin na tarihi ne: abin da marubutan suka fahimta muke bincike, hukunci a kan gaskiyar samuwar waɗannan halittu kuwa na masu ilimin tauhidi ne.

1. Tsohon Alkawari: ƙarancin aljannu

Abu na farko da ke ba mai karatu mamaki shi ne ƙarancin aljannu a nassin Ibrananci, in aka kwatanta da Babila da Assuriya, inda aka tono tarin alluna na addu'o'in korar mugayen ruhohi. Kalmar "shedim", wadda ita ce mafi kusa da aljannu, sau 2 kawai ta fito: a Maimaitawar Shari'a 32:17 da Zabura 106:37. A wuraren biyu tana nufin abin bautar da Isra'ilawa suka yi wa hadaya maimakon Allahnsu. Kalmar ƴar'uwa ce ga "shedu" ta harshen Akkad, wadda a can ake iya faɗa wa ruhu mai tsaron gida. Akwai kuma "se'irim", watau masu gashi ko bunsurai, a Littafin Firistoci 17:7 da Ishaya 13:21 da 34:14, halittun da ke zaune a kufai tare da namun daji. A wannan aya ta ƙarshe ne sunan Lilit ya fito, sau ɗaya tak a dukan littafin. Azazel, wanda ake kora masa bunsuru zuwa hamada a Ranar Kafara (Littafin Firistoci 16), har yanzu masana na muhawara ko sunan ruhu ne ko sunan wuri.

Abu na biyu shi ne, inda aka ambaci mugun ruhu yana aiki a kan mutum, daga wurin Allah ake cewa ya zo. Ruhun da ya riƙa firgita sarki Saul, har aka nemo Dawuda ya kaɗa masa garaya, nassin ya danganta shi ga Ubangiji (1 Sama'ila 16:14-23). Haka ruhun da ya shiga tsakanin Abimelek da mutanen Shekem (Mahukunta 9:23). A 1 Sarakuna 22 annabi Mikaiya ya ba da labarin fadar sama, inda wani ruhu ya miƙa kansa don ya zama ƙarya a bakin annabawan Ahab, aka kuwa ba shi izini. Waɗannan ruhohi bayin fada ne da ake aike, ba su da sarautar kansu. Tushen wannan fahimta kaɗaita Allah ne mai tsanani, irin wanda Ishaya 45:7 ya bayyana inda ya mai da haske da duhu, lafiya da masifa, duka ga Mahalicci guda.

Kalmar "satan" kanta ba suna ba ce tun farko. Ma'anarta abokin gaba ko mai ƙara. An faɗa wa ɗan Adam ita, kamar Hadad na Edom da ya tayar wa Sulemanu (1 Sarakuna 11:14), an kuma faɗa wa mala'ikan Ubangiji da ya tare wa Bal'amu hanya (Ƙidaya 22:22). A Ayuba 1-2 da Zakariya 3 (wajen 520 k.M.) ta zo da harafin tantancewa, "ha-satan", watau mai ƙarar: muƙami ne a fadar sama, mai riƙe da shi kuma ba ya taɓa Ayuba sai da izini, kuma iyakar izinin. Alamar sauyi ta bayyana a 1 Tarihi 21:1. Tsohon labarin, a 2 Sama'ila 24:1, ya ce fushin Ubangiji ne ya zuga Dawuda ya ƙidaya jama'a. Marubucin Tarihi, wanda ya sake tsara labarin wajen ƙarni na 4 k.M., ya ce "satan" ne ya zuga shi, kuma ba da harafin tantancewa ba. Masana da yawa na ganin a nan ne kalmar ta fara komawa suna. Macijin Farawa 3 kuwa, nassin ya lasafta shi cikin dabbobin da Allah ya yi, bai kira shi Shaiɗan ba.

2. Mafassaran Iskandariya

Bayan faɗuwar Urushalima a 587 k.M. da zaman bauta a Babila, Yahudawa sun shiga ƙarƙashin Farisa daga 539 k.M., sannan ƙarƙashin Girkawa bayan yaƙe-yaƙen Iskandar. An daɗe ana muhawara a kan tasirin addinin Zaradusht, mai raba duniya tsakanin ruhun alheri da ruhun sharri. Misali mafi ƙarfi da ake kawowa shi ne Asmodiyus na Littafin Tobit, wanda sunansa ya yi kama da "Aeshma daeva", aljanin fushi na Farisawa. Amma akwai wani sauyi da ba ya buƙatar hasashe, domin a rubuce yake: fassarar da Yahudawan Iskandariya suka fara a ƙarni na 3 k.M., wadda aka sani da Fassarar Saba'in.

A wurin Girkawa "daimon" ba mugu ba ne dole. Hesiyod ya ɗauke su rayukan mutanen zamanin zinariya masu tsaron ƴan Adam. Aflatun ya sa su tsakanin alloli da mutane, suna kai addu'a suna kawo amsa. Sukurat ya ce yana da "daimonion" da ke hana shi aikata kuskure. Wannan kalma mai fuska biyu ce mafassaran suka ɗauka suka fassara "shedim" da ita, suka kuma shimfiɗa ta inda Ibrananci bai ambaci ruhu ba sam. Zabura 96:5 a Ibrananci ta kira allolin al'ummai "elilim", abubuwan banza marasa amfani. A Girkanci suka zama "daimonia". Zabura 91:6 tana magana a kan annoba mai hallakarwa da tsakar rana. A Girkanci ta zama aljanin tsakar rana. "Satan" kuma aka fassara shi "diabolos", mai tsegumi ko mai ƙazafi, kalmar da ta haifi "diable" na Faransanci.

Sakamakon wannan zaɓi babba ne. A nassin Ibrananci gunki itace ne da dutse, ba ya ji ba ya gani. A nassin Girkanci akwai wani mai rai a bayan gunkin, kuma maƙiyi ne. Tun da Fassarar Saba'in ce Kiristocin farko suka karanta, wannan fahimta ta biyu ce suka gada.

3. Anuhu da asalin mugayen ruhohi

Tambayar da nassin Ibrananci bai amsa ba, watau daga ina mugayen ruhohi suka fito, wasu littattafai ne da ba su shiga jerin yawancin ikilisiyoyi ba suka amsa ta. Mafi muhimmanci shi ne kashin farko na Littafin Anuhu (sura 1-36), wanda aka rubuta da harshen Aram wajen ƙarni na 3 k.M. Cikakkensa a harshen Ge'ez kawai ya tsira, domin ikilisiyar Habasha ta riƙe shi cikin littattafanta masu tsarki. James Bruce ya kai kofensa Turai a 1773, kuma guntayen Aram da aka samu a kogo na 4 na Kumran, waɗanda J. T. Milik ya buga a 1976, sun tabbatar da daɗewarsa.

Littafin ya ɗauki ayoyi huɗu masu duhu na Farawa 6:1-4, inda ƴaƴan Allah suka auri ƴan matan mutane, ya faɗaɗa su. Mala'iku 200, ƙarƙashin Shemihaza, suka sauka a dutsen Harmon suka ɗauki mata. Asa'el ya koya wa mutane ƙirar makamai da kayan kwalliya, wasu suka koyar da sihiri da duban taurari. Matan suka haifi ƙattai waɗanda suka cinye amfanin ƙasa, suka koma cin mutane. Hukunci ya zo kashi biyu, kuma a nan ne ya kamata a lura sosai. Mala'ikun da suka yi laifi an ɗaure su a ƙarƙashin ƙasa har ranar shari'a. Ƙattan kuwa sun mutu, amma da yake rabinsu na sama ne, ruhohinsu suka fita daga gawawwakinsu suka zauna a duniya. Sura ta 15 ta ce waɗannan su ne mugayen ruhohi: ba su ci, amma suna jin yunwa da ƙishirwa, suna kuma far wa ƴan Adam domin daga cikinsu suka fito. Ke nan a wannan tsari aljannu ƴaƴan mala'iku ne, iyayensu kuwa suna kurkuku.

Littafin Yubili, na tsakiyar ƙarni na 2 k.M., ya ƙara wani mataki. A sura ta 10 Nuhu ya kai kuka cewa ruhohin na ɓatar da jikokinsa, Allah ya umarta a ɗaure su duka. Sai shugabansu, Mastema, ya roƙi a bar masa wasu don ya iya gudanar da aikinsa a kan mutane. Aka ɗaure kashi 9 cikin 10, aka bar masa ɗaya, mala'iku kuma suka koya wa Nuhu magungunan itatuwa don kariya. A nan an haɗa abubuwa biyu da a da suke rabe: mai ƙarar nan na Ayuba ya sami runduna, rundunar kuma ta sami shugaba, amma duka a ƙarƙashin izinin Allah. Jama'ar Kumran, waɗanda aka fara gano littattafansu a 1947, sun kira wannan shugaba Beliyal, suka raba ƴan Adam tsakanin ƴaƴan haske da ƴaƴan duhu. A kogo na 11 an sami naɗin waƙoƙin korar aljannu wanda ya ƙare da Zabura 91.

Korar aljannu sana'a ce sananna a wannan zamani. A Littafin Tobit, Asmodiyus ya kashe maza 7 da suka auri Saratu, kowanne a daren farko, sai mala'ika Rafa'ilu ya koya wa Tobiya turara zuciya da hantar kifi, aljanin ya gudu zuwa Masar aka ɗaure shi a can. Yosifus, a tarihin Yahudawa da ya kammala wajen 93 Miladiyya, ya ce ya ga wani Ele'azara yana fitar da aljani ta hancin majinyaci a gaban Baspasiyan, da zobe mai ɗauke da saiwa da kuma ambaton sunan Sulemanu, har ya umarci aljanin ya kifar da kwaryar ruwa don shaida ya fita. Shi Yosifus ɗin, a wani littafinsa, ya ɗauki aljannu rayukan mugayen mutane ne da suka mutu. Sadukiyawa kuma, in ji Ayyukan Manzanni 23:8, ba su yarda da mala'ika ko ruhu ba. Babu ra'ayi guda a tsakanin Yahudawan ƙarni na farko.

4. Sabon Alkawari

Kalmar "daimonion" ta fito sama da sau 60 a Sabon Alkawari, mafi yawa a Matiyu da Markus da Luka, inda ake musanya ta da ƙazamin ruhu ko mugun ruhu. Markus, wanda aka rubuta wajen shekara ta 70, ya kawo cikakkun labarai 4: mutumin majami'ar Kafarnahum (1:21-28), mutumin makabarta a ƙasar Garasinawa (5:1-20), ƴar matar nan Bafinikiya (7:24-30), da yaron da ke faɗuwa cikin wuta da ruwa (9:14-29). Daga waɗannan da makamantansu ana iya fitar da siffofin aljannu kamar yadda marubutan suka gan su. Suna da sani, domin sukan gane Yesu kafin mutane su gane shi. Suna da yawa: na Garasinawa ya kira kansa da sunan rundunar sojan Rum, wadda ke da mayaƙa wajen 5000 zuwa 6000, suka kuma shiga garken aladu kimanin 2000. Suna neman jiki su zauna. Matiyu 12:43-45 ya siffanta ruhun da aka kora yana yawo a wuraren da ba ruwa yana neman hutu, ya komo da wasu 7 da suka fi shi mugunta. Suna kuma sane da cewa akwai ajalin da aka yanka musu (Matiyu 8:29). Neman jiki da jiran ajali sun fi dacewa da labarin Anuhu a kan labarin mala'ikun da aka koro.

Aikinsu a waɗannan littattafai cuta ne: bebantaka, makanta, farfaɗiya, hauka. Jarraba da ruɗi zuwa zunubi aikin Shaiɗan ne. Ba a zargin mai aljani da laifi, ba a kuma ce masa ya tuba, majinyaci ne. Har wa yau marubutan ba su mai da kowace cuta aljani ba, domin Matiyu 4:24 ya jera masu aljannu dabam, masu farfaɗiya dabam, shanyayyu dabam, ko da yake iyakar ba ta tsaya wuri ɗaya ba: matar da ta tanƙware shekara 18 a Luka 13 an ce Shaiɗan ne ya ɗaure ta.

Abin da ya bambanta Yesu a labaran nan shi ne hanya da ma'ana. Ba zobe, ba turare, ba sunan Sulemanu. Umarni ne kawai. Abokan hamayyarsa ba su musanta aikin ba, sai suka ce da ikon Ba'alzabul sarkin aljannu yake yi, sunan da ke komawa ga allahn Ekron na 2 Sarakuna 1. Amsarsa (Markus 3:22-27, Luka 11:14-22) ta ɗauki aljannu a matsayin mulki guda mai shugaba guda, ta kuma mai da korarsu alamar cewa Mulkin Allah ya iso, an ɗaure mai ƙarfi ana kwashe kayansa. A nan ne korar aljani ta tashi daga magani ta zama yaƙi.

Sauran littattafan ba su bi wannan salo ba. Linjilar Yahaya ba ta da labarin korar aljani ko ɗaya. Kalmar tana fitowa ne kawai a muhawarar da ta taso a kan zargin Yesu da taɓuwa. Wasiƙun Bulus ba su ba da labarin kora ba. Inda ya ambaci "daimonia", a 1 Korantiyawa 10:20-21, maganar naman hadayar gumaka yake yi, watau fahimtar Fassarar Saba'in. Ya fi yawan magana a kan sarautu da ikoki. Ayyukan Manzanni ta kawo baiwar nan ta Filibi mai ruhun duba da ke samar wa iyayengijinta kuɗi (16:16), ta kuma adana tsohuwar ma'anar Girkanci a 17:18, inda mutanen Atina suka ce Bulus na shelar baƙin "daimonia", suna nufin baƙin alloli. Yahuza 6 da 2 Bitrus 2:4 sun ambaci mala'ikun da suka yi zunubi, amma a ɗaure suke cikin duhu, kamar a Anuhu, wanda Yahuza 14-15 ya ambata da suna. Wahayi 12:7-9 ya haɗa maciji da Iblis da Shaiɗan a jiki guda, ya ba shi mala'ikunsa, kamar Matiyu 25:41. Duk da haka, kamar yadda Dale Martin ya nuna a 2010, babu inda Sabon Alkawari ya ce waɗannan mala'iku su ne aljannun da ake kora daga jikin mutane.

5. Daga Anuhu zuwa Lateran

Marubutan ƙarni na 2 sun bi Anuhu. Justin Shahidi, wanda aka kashe a Rum wajen 165, ya ce mala'iku sun sadu da mata suka haifi aljannu, aljannun kuma su ne allolin Girka da Rum, su ke zuga hukuma a kan Kiristoci. Atenagoras, wajen 177, ya ce rayukan ƙattan ne. Ga mutanen da ake tilasta wa ƙona turare a gaban gunki ko su mutu, wannan bayani ba na ɗakin karatu ba ne. Shi ya sa ƙin Shaiɗan da addu'ar kora suka shiga shirin baftisma, har korar aljannu ta zama muƙami: wasiƙar Karniliyus bishop na Rum ta 251 ta lasafta masu kora da masu karatu da masu tsaron ƙofa su 52.

Sauyin ya zo ne daga arewacin Afirka. Orijen na Iskandariya (wajen 185-254) ya koyar cewa dukan halittu masu hankali an yi su nagari, kowanne ya faɗi gwargwadon zaɓinsa, aljannu su ne waɗanda suka fi nisa. Ya karanta Ishaya 14:12, waƙar zambo ga sarkin Babila, da Ezekiyel 28, makoki a kan sarkin Taya, a matsayin labarin faɗuwar Shaiɗan saboda girman kai. Kalmar Latin ta tauraron asuba a wannan aya ta Ishaya ita ce ta zama sunan Lusifa. Da haka faɗuwar ta koma kafin Adamu, dalilinta kuma ya tashi daga sha'awa ya koma girman kai. Agustin na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau, ya rufe ƙofar a Birnin Allah (413-426): ƴaƴan Allah na Farawa 6 zuriyar Shitu ne, Littafin Anuhu ba abin dogaro ba ne, kuma babu "daimon" nagari kamar yadda Apuleyus ya yi da'awa. Amma ya bar wa aljannu jiki na iska, wanda da shi ya bayyana saurinsu da abin da ke kama da sanin gaibu.

A hamadar Masar kuma fagen ya koma cikin zuciya. Ebagiriyus (ya rasu 399) ya jera mugayen tunani 8 da aljannu ke jefawa, ya kira kasalar da ke kama mai zuhudu aljanin tsakar rana, kalmar da mafassaran Iskandariya suka haifa. Majalisar Braga ta 561 ta la'anci masu cewa Iblis ya fito daga duhu da kansa. Majalisar Lateran ta 4, a 1215, tana mai da martani ga Katarawa, ta zartar cewa Allah ya halicci Iblis da sauran aljannu nagari, su ne suka ɓata kansu. Toma Akwinas (ya rasu 1274) ya cire musu ko jikin iskar. Amsar da muka fara da ita a gabatarwa, a wannan zango ta kammala.

6. Matsalar a Hausa

Mafassaran Hausa, daga J. F. Schön wanda Sabon Alkawarinsa ya fito a 1880, zuwa cikakken Littafi Mai Tsarki na 1932 da sabuwar fassarar 1979, sun tsaya inda mafassaran Iskandariya suka tsaya: harshen na da kalmomi a shirye, kowace da kayanta. Shaiɗan da Iblis sun zo daga Larabci ba wahala. "Aljani" kuwa ya zo da fahimtar Musulunci, inda aljannu jinsi ne dabam da mala'iku, an halicce su daga wuta (Alƙur'ani 55:15), akwai muminai a cikinsu akwai kangararru (sura ta 72), Iblis kuma daga cikinsu yake (18:50). Bahaushen da ya ji an ce aljani ba ya jin mala'ikan da ya faɗi, ba ya kuma jin lalle mugu ne. Wannan ne ya sa ake buƙatar ƙarin siffa, kamar "baƙin aljan" ko "mugun ruhu", siffar da ke nuna a fakaice cewa akwai wanda ba baƙi ba.

"Iska" ta fi nauyi. Binciken J. Greenberg a kan Maguzawan Kano (1946), na J. Monfouga-Nicolas a kwarin Maradi (1972) da na A. Masquelier a Dogon Dutsi (2001) sun nuna iskoki masu sa cuta ne kuma masu warkarwa, ana kulla zumunci da su ta hanyar girka, su hau dokinsu su sauka. Tsarin Linjila ba shi da gurbin wannan sulhu. Ruhun da ya shiga mutum fitar da shi ake yi. Tun 1914 A. J. N. Tremearne ya sa kalmar Ingilishi da ta fito daga "daimon" a sunan littafinsa na bori, kamar yadda a ƙarni na 19 fassarar Yarbanci ta ba Eshu matsayin Shaiɗan. Birgit Meyer ta nuna a 1999, a kan Ewe na Gana, cewa mai da tsoffin alloli aljannu bai kashe su ba, ya ba su sabon mazauni ne a cikin ikilisiya. Tambaya ce da ta cancanci bincike a ikilisiyoyin da suka tsiro daga aikin SIM, wadda ta sauka Damagaram a 1924 kafin ta kai Tsibiri. Ya kamata mai wannan bincike ya tuna cewa ɗan Katolika na da Tobit a littafinsa, ɗan bishara kuwa ba shi da shi.

7. Kammalawa

Mun ga cewa nassin Ibrananci ya san ruhohi ƴan aike da dodannin kufai. Fassarar Girkanci ta sa rai a bayan gumaka. Anuhu da Yubili sun ba ruhohin asali da shugaba. Linjila ta mai da korarsu alamar Mulkin Allah ba tare da ta faɗi asalinsu ba. Orijen da Agustin kuma suka maye gurbin ƴaƴan ƙattai da mala'ikun da suka faɗi. Sau biyu aƙalla zaɓin mafassari ya sauya abin da masu karatu suka gaskata. Aikin da ya rage shi ne a jera fassarorin Hausa na 1880 da 1932 da 1979 da na bayansu, aya da aya, a ga inda aka ce aljani, inda aka ce ruhu, da inda aka kauce wa iska, sannan a saurari yadda masu wa'azi a Maradi da Damagaram da Tawa ke furta waɗannan ayoyi in sun rufe littafin.